Ina su malam-buɗe-littafi suka shiga bana?

Tun ranar Asabar nake son rubuta wannan abin aiki ya hana, yau dai nace ko me za a yi sai na zauna. Bayan la'asar ne na fito bayan gida da kofin shayina na zauna kan ɗan bencin nan da maigida ya harhaɗa bara waccan wanda har yau ƙafarsa ɗaya rawa take, ina kallon lambuna, yakuwa ta yi kyau, kuɓewa ta fara fure, alayyahu kam ya fi ƙarfinmu sai rabawa mutane muke, ga furen ziniya ja da ruwan ɗorawa da na jera a gindin katanga duk sun buɗe. Komai tsaf. Amma wurin shiru, irin shirun gidan da aka yi biki aka watse. Na fi awa ɗaya a zaune, malam-buɗe-littafi biyu kacal na gani, su ma fararen nan ne ƙanana masu bin kabeji da ko a bakin titi ana ganinsu. Ƙarshen Yuli fa, tsakiyar zafi, a Kolumbus ta jihar Ohayo.

Shekarar da muka tare a gidan nan ba haka abin yake ba. Ko fure ban shuka ba lokacin, amma in na fita shanya sai in ga manyan nan masu ruwan ɗorawa da zanen baƙi kamar damisa, faɗin su ya kusa tafin hannuna, da baƙaƙe masu ɗigon shuɗi, da mai ruwan goro da ake ce wa monak. Har hoto na dinga turawa gida ina cewa ku zo ku ga na nan ƙasar kamar an yi musu allurar girma. Yanzu da na sha wahala na shuka fure saboda su, sun ɗauke ƙafa.

Sai kuma ɗan tsuntsun nan haminbad. Bari in ɗan yi bayaninsa don 'yan gida, saboda babu shi a wajenmu kwata-kwata, a nahiyar Amurka kaɗai Allah Ya ajiye su, daga Alaska har can ƙarshen kudu, iri sama da 300. Wanda muke gani a gida mai dogon baki yana sheƙi yana shan furen kauci kama ce kawai suka yi, shi namu yawanci sauka yake kan reshe ya sha abinsa, shi kuwa na nan a iska yake tsayawa cak kamar jirgi mai saukar ungulu, ya yi gaba ya yi baya da baya, shi yasa autata ta sa masa suna ɗan helikwafta, sunan kuma ya bi shi a gidanmu. Iri ɗaya ne ke yin sheƙa a nan gabashin ƙasar, namijin yana da jan maƙogwaro mai walƙiya in rana ta haska shi. Nauyinsa kamar giram 3, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi na siga ba, fiffikensa na kaɗawa wajen sau 50 a daƙiƙa ɗaya, in ya wuce ta gefen kunnenka ka rantse wani ƙaton zanzaro ne. Ranar farko da na fara ganinsa ihu nayi na watsar da kwandon wanki.

Kwalbar ruwan siga nake rataya musu a jikin tagar kicin. Siga gwangwani ɗaya ruwa gwangwani huɗu, shikenan, ba a sa zuma ba a sa kala, kuma in ana zafi duk kwana biyu ko uku sai an zubar an wanke kwalbar don yana tsami ya yi fumfuna ya cutar da su. Farkon Mayu namiji ɗaya yazo, na ji daɗi nace baƙonmu ya iso. Ana shiga Yuni ɗif. Sati uku ina dafa ruwan siga ina zubarwa, tururuwa kaɗai ke cin riba, har maigida ya fara min tsiya wai sigar da nake wa tsuntsayen da basu san ina yi ba da kunu aka dama da ita da an ga amfaninta.

Akwai wata dattijuwa Baturiya da muke katanga ɗaya da ita, ta haura saba'in, ita kaɗai ce a gidanta sai kyanwa, kuma duk layinmu babu gidan da ya kai nata ciyayi, in ka gani kace kango ne. Ita na tara da maganar. Dariya tayi tace in kwantar da hankalina kan ɗan helikwafta, Yuni lokacin jego ne. Macen tana can kan bishiya ta ɗinka sheƙa da yanar gizo-gizo da ɗan gansakuka, sheƙar bata fi rabin ƙwallon goro babba ba, ta saka ƙwai biyu kamar ƙwayar wake, kuma in ta ƙyanƙyashe ƙananan ƙwari take kamo wa 'ya'yan, su sauro da 'yan ƙudaje da ƙananan gizo-gizo, don ruwan siga baya gina jiki. Namijin kuwa ba ruwansa da reno, ya gama nasa ya kama gabansa, nace to ashe abin har a tsuntsaye. Tace in jira Agusta in 'ya'ya sun tashi zan ga faɗa a bakin kwalbar nan kamar layin mai.

Kuma gaskiyarta, don jiya ma na ga biyu suna kora juna. Masu ƙirgar tsuntsaye ma sun nuna wannan mai jan maƙogwaron bai ragu ba in aka kwatanta da shekara hamsin da suka wuce, ɗan uwansa na yammacin ƙasar mai launin jan ƙasa shine ya ragu da fiye da rabi tun 1970. Saboda haka shi kam na cire shi daga lissafin damuwata, sai dai mamaki da baya ƙarewa, wai wannan ɗan abin in Satumba tayi zai ci ya ci har ya kusa ninka nauyinsa, sannan ya kama hanyar Meziko da Amurka ta Tsakiya, wasunsu su tsallake tekun Meziko kusan kilomita 800 ba tare da sun sauka ko sau ɗaya ba. Ni da in na hau benen gidanmu sau biyu sai na nemi wurin zama. Allahu Akbar.

To amma da na ce mata su malam fa, sai fuskarta ta canza. Tace wannan kam ba ɓuya suka yi ba, babu su ne.

Na dawo gida na shiga bincike a waya har tuwo ya kusa kamawa. A nan Ohayo akwai masu sa kai da suke bin hanya ɗaya duk sati suna ƙirga malam-buɗe-littafi tun 1996, da aka tattara ƙirgen shekara 21 aka fitar a 2019 sai aka ga sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, wato kamar kashi 2 cikin ɗari duk shekara. Kunga irin raguwar da ba a ji, kamar gishiri a kicin ana ɗiba kaɗan-kaɗan sai ranar da ka sa hannu ka ji ƙasan roba. A watan Maris na 2025 kuma aka fitar da na ƙasar gaba ɗaya a mujallar Science, daga 2000 zuwa 2020 an rasa kashi 22 cikin ɗari. Ashe ba idona bane, kuma ba lambuna kaɗai bane.

Labarin monak shi yafi tsaya min a rai. Wannan ƙwaro da bai wuce rabin giram ba, in kaka tayi yana tashi daga Kanada da nan arewacin Amurka ya yi tafiyar fiye da kilomita 4,000 zuwa wasu duwatsu a jihar Michowakan ta Meziko, su lulluɓe bishiyoyi har rassa su sunkuya. Wasu ta nan saman mu suke tsallako tafkin Iri a watan Satumba. Farkon Nuwamba suke isa, daidai lokacin bikin tunawa da mamata na mutanen wurin, shi yasa wasunsu ke ɗauka rayukan kakanninsu ne suka zo gaisuwa. Masana ma sai a Janairun 1975 suka gano inda suke zuwa, alhali mutanen ƙauyukan sun san abinsu tun kaka da kakanni. Abin da ya ɗaure min kai shine wanda ya tafi ba shi ke dawowa nan ba, ana hayayyafa ne a hanya, na lokacin zafi sati biyu zuwa shida suke yi su mutu, sai kamar tattaɓa-kunne shi zai yi wata takwas a duniya ya koma dutsen da bai taɓa gani ba, babu wanda ya nuna masa hanya. Ba a iya ƙirga su ɗai-ɗai, faɗin dajin da suka rufe ake aunawa. Hunturun 1996 zuwa 1997 sun rufe hekta 18 da ɗoriya. Na 2013 zuwa 2014 hekta 0.67. Na 2023 zuwa 2024 hekta 0.9, wato filin ƙwallo ɗaya da ɗan ƙari, duk na gabashin nahiyar nan kenan. Shekarar da ta biyo sun ɗan farfaɗo zuwa 1.79, amma ina 18 ina 2.

Ni da na karanta haka nan take na samu wanda zan ɗora wa laifi. Mutumin da ke ɗaya gefen namu duk bayan sati uku wata mota ke zuwa gidansa, wani ya fito da injin feshi a goye kamar mai feshin gonar auduga ya bi shuke-shuke yana busa maganin sauro, iska kuma bata san katanga ba. Maganin nan baya tambayar ƙwaro sunansa, sauro da zuma da tsutsa duk ɗaya ne a wajensa. Ga manoma, tun da aka fito da waken suya a 1996 da masara a 1998 waɗanda maganin ciyawa baya kashe su, sai ya zama ana feshe gona gaba ɗaya komai ya mutu sai amfanin, ciyawar da monak ke rayuwa a kanta wadda da take cike tsakanin kunya-kunya a jihohin su Ayowa da Ilinoi da nan Ohayo ta tafi. Ga iri da ake turarawa da maganin ƙwari tun kafin a shuka. Ga ciyawar ƙofar gida da mutanen ƙasar nan ke ji da ita kamar 'yar fari, ana aske ta duk sati ana bata ruwa da taki, kusan eka miliyan 40 a ƙasar, kuma ko akuya bata ci balle malam. Na zauna ina ta zuba wa maigida wannan bayani ina kumfar baki, yana jina bai ce komai ba, can sai yace, Maman yara, tsutsotsin nan da kika sa ni na kwashe a kan karas ɗinki bara fa, na menene?

Wallahi sai da naji kamar an watsa min ruwan sanyi. Laifi tudu ne.

Bara na shuka karas da fasli, wani ganyen miya mai ƙamshi, a wani akwatin katako. Wata safiya na fito na tarar da wasu tsutsotsi kore masu zoben baƙi da ɗigon rawaya, ƙatti kamar ɗan yatsa, sun fi goma suna ta aikin ganyen, da na taɓa ɗaya da tsinke sai ta fito da wani ƙaho mai reshe biyu ruwan lemo tana wari. Ni da tsutsa kuwa ko a hoto. Na ƙwala masa kira ya zo ya tsince su tas ya zuba a ruwan omo, ni kuma na bi da feshi don kar a bar baya. Har daɗi naji ranar wai na ceci karas. Ashe su ne baƙaƙen nan masu ɗigon shuɗi da nake cigiya, saura musu 'yan kwanaki su ɗaure kansu a jikin kara su fito da fiffike. Karas ɗin da na ceta kuwa duka bai cika leda ɗaya ba, a kanti bai fi dala biyu ba. Mai son ɗan tsuntsu shi ke binsa da jifa inji Hausawa, ni nawa son da ruwan omo na bi shi.

Nan ne fa na gane inda na yi ta kuskure shekara da shekaru. Ni ina shuka fure ne, fure kuwa abincin babba ne, kamar ka buɗe shagon shayi a garin da babu ɗakin haihuwa. Kowane malam akwai ganyen da tsutsarsa ke ci, in babu wannan ganyen uwar ba zata saka ƙwai ba ko da ka cika gidan da fure. Kuma tsutsar ba malam kaɗai take zama ba, ita ce abincin 'ya'yan tsuntsaye, wani malamin ƙwari a jami'ar Delawaya mai suna Doug Tallamy ya lissafa cewa ɗan ƙaramin tsuntsun nan cikadi sai ya kamo tsutsa 6,000 zuwa 9,000 kafin ya yaye 'ya'yan sheƙa ɗaya. Lambun da babu ganye ko ɗaya mai huji, wanda ni a da shi nake kira lambu mai kyau, ashe lambu ne da babu mai ci a cikinsa.

Sai maganar shara, wadda ita tafi min ciwo don ta taɓa tarbiyya. Mu dai an raine mu kan cewa mace bata kwana da shara a tsakar gida, tun asuba Hajiya ke tada mu da tsintsiya a Zariya, tsafta cikon addini. Da kaka tayi a nan ganye ya zubo ni ce ta farko a layinmu wajen tarawa, buhun takarda goma sha in jera a bakin titi ina jin kaina, in yanke duk busasshen kara in bar ƙasa fes. Ashe cikin ganyen nan da jikin karan nan da yawa daga cikin su malam suke kwanciya su wuce hunturu, wasu suna tsutsa wasu a cikin kwansonsu, dusar ƙanƙara ta rufe su har zafi ya dawo. Wato duk Nuwamba da hannuna nake ɗure na baɗi a buhu in miƙa wa motar shara. Ita kuwa dattijuwar da nake wa kallon ƙazama a zuciyata, Allah Ya yafe min, gidanta ne kaɗai a layin da har yanzu ake ganin abu na tashi.

Ita ce ta kira ni ta nuna min ciyawar monak ɗin a bayan gidanta, milkwid suke ce mata. Ina zuwa na tsaya ina kallon ganyen, faffaɗa mai kauri da ɗan fari-fari a ƙasansa, na tsinke guda sai ga farin nono yana ɗiga, ta ɓare min wani busasshen ƙwanso da ta ajiye tun bara sai ga audugar nan mai santsi da 'ya'ya a jiki. Nace Innalillahi, wannan ai 'yar uwar tumfafiya ce! Kuma haka ne, dangi ɗaya ne. Tumfafiyar da ke fitowa a kan juji da bayan makaranta da kufai, wadda ake hana mu wasa da ita don kar nonon ya shiga ido, muna fasa ƙwallonta da ƙafa tana fus. Sai kuma na tuna malam ɗin nan mai ruwan goro da baƙin gefe da farin ɗigo da muke bi da gudu muna malam buɗe mana littafi, ai kullum a wajen tumfafiya yake, ashe shima ɗan uwan monak ne, a kanta tsutsarsa ke girma, dafin nonon ne ke zama a jikinsu shi yasa tsuntsu in ya ci ɗaya ya yi amai baya ƙarawa. Shekara nawa ina ganin wannan abu ban taɓa haɗa su ba sai da nazo wata ƙasa wata tsohuwa ta nuna min a bayan gidanta.

Ranar Lahadi da muka yi waya da Hajiya na bata labari. Nace Hajiya kin san tumfafiyar Turawa zan shuka a gidana? Tayi shiru, can tace ke 'yar nan lafiyarki kuwa, mutane na zuwa Amurka su turo mota ke tumfafiya kika samo, in ita kike so ai sai in sa yara su ciko miki buhu a bayan gidan Malam. Muka sha dariya. Amma da na tambaye ta ko har yanzu su malam na taruwa a bakin kwatar ƙofar gida in an yi ruwa kamar da, irin taron nan da suke yi kan laka farare da rawaya in ka taho su tashi gaba ɗaya, sai tace kwata ai an yi mata siminti tun yaushe, filin bayan gida ma an yanka fuloti an gine, ita dai ta daɗe bata lura da su ba. Bata ce babu ba, tace bata lura ba, ni ma haka na ce shekara biyar.

Yanzu dai ga inda nake. Dattijuwa tayi min alkawarin iri in ƙwanson ya bushe a Oktoba, tace kar in ajiye sai bazara, a Nuwamba ake watsa shi don sai sanyi ya dake shi yake tsirowa, kuma kar in ga Afrilu ta wuce bai fito ba in tone wurin, sai cikin Mayu yake leƙowa. Ta kuma gargaɗe ni kan sayen shuka a manyan kantuna ba tare da tambaya ba, don wasu an riga an shayar da su maganin ƙwari tun daga saiwa, ka kawo gida da niyyar alheri tsutsa ta ci ta mutu. Maganar ganye kuwa mun yi sulhu da maigida da kuma zuciyata, ƙofar gida zan share saboda ƙungiyar masu gidajen unguwa basa wasa da aiko takarda, bayan gida kuwa daga gindin katanga zuwa wurin yakuwa ba mai taɓa min shi sai zafi ya dawo. In baƙi 'yan gida sun zo sun ga ganye a tare su yi gulmarsu, na shirya. Maƙwabci mai feshi ne ban san ta inda zan ɓullo masa ba tukuna, mutumin kirki ne, shi ke kwashe mana ƙanƙara a ƙofar gida in maigida yayi tafiya, ina tunanin in fara aika masa da sambusa sannan in kawo maganar ko zai ce su daina fesa ɓangaren katangarmu.

Shekaranjiya da safe autata ta shigo da gudu ko takalmi babu, Umma Umma zo ki gani. Fasli ɗin bana ne, guda huɗu a kai, ƙanana baƙaƙe da farin tabo a gadon baya kamar kashin tsuntsu, haka suke farawa kafin su koma kore. Tsigar jikina ta tashi kamar kullum, ban fasa jin ƙyanƙyaminsu ba kar ma in yi muku ƙarya. Babanta ya leƙo ta taga yana murmushin mugunta yace a kawo ruwan omo ne? Nace Alhaji ka taɓa su ka gani. Yau da safe na ƙirga uku, ɗaya inaga tsuntsu ya yi kalaci da ita, fasli kuma ya kusa zama tsinke, sai na je kanti anjima in sayo wanda zan sa a miya.